Inshorar lafiya da makullin ɗaki: abin da inshorar gwamnati ta Medi-Cal ke iya yi wa marasa muhalli a Kalifoniya, da inda yake tsayawa

Takardar da asibiti ke bai wa majinyaci ranar sallama kusan iri ɗaya ce a ko'ina: a wanke mikin sau biyu a rana, a ajiye allurar ciwon suga a firji, a ɗora ƙafar a kan matashi, a dawo bayan mako biyu. Duk umarnin nan ya ginu ne a kan zaton cewa mutum yana da ɗaki da famfo da wutar lantarki. Wanda ke kwana a tanti ƙarƙashin gada a Los Angeles ba shi da ko ɗaya. Bandejin ya jiƙe, maganin ya lalace da zafi ko a sace jakar gaba ɗaya, mikin ya zama gyambo, bayan kwana goma sai ga motar asibiti ta sake kwaso shi. Inshora za ta biya kuɗin wannan kwanciya ta biyu, da ta uku, har ma da yanke ƙafar idan ta kai ga haka. Abin da doka ta daɗe tana hana ta biya shi ne ɗakin da zai sa mikin ya warke.

Tun 2019 dokar jihar Kalifoniya ta tilasta wa asibitoci cewa kafin su sallami wanda ba shi da muhalli su ba shi abinci, da tufafin da suka dace da yanayi, da magani, da abin hawa zuwa inda ya zaɓa. Doka ce mai kyau, ta rage mummunar ɗabi'ar ajiye majinyaci a bakin titi da rigar asibiti. Sai dai ba ta ce ga inda zai kwana ba.

A ƙidayar da ma'aikatar gidaje ta tarayya ta yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024, an samu mutum 771,480 ba su da muhalli a duk Amurka, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan shekarar da ta gabata. Kimanin 187,000 daga cikinsu suna Kalifoniya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan a waje suke kwana, a tanti ko mota ko gefen titi. Binciken da Dakta Margot Kushel ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ta jagoranta, wanda ya fito a Yunin 2023 bayan an tattauna da mutum kusan 3,200, ya rushe wasu zace-zace da aka saba ji. Tara cikin goma a Kalifoniyar suka rasa gidansu, ba daga wata jiha suka kwararo ba. Matsakaicin shekarunsu 47. Matsakaicin abin da ke shigowa gidansu a wata kafin su rasa muhalli dala 960 ne, a jihar da hayar ɗaki ɗaya da falo a Los Angeles ta haura dala 2,000 a wata. Kuma kashi 83 cikin ɗari suna da inshorar lafiya, mafi yawa ta gwamnati. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ƙofar duk maganar: inshorar nan tsarin gwamnati ce da mafi yawan masu kwana a titi ke ciki.

Medicaid shi ne inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi a Amurka. An kafa shi a 1965, tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, kuma a Kalifoniya sunansa Medi-Cal. Shekaru da dama baligin da ba shi da ƙananan yara kuma ba a tabbatar masa da nakasa ba bai cancanta ba a yawancin jihohi, komai talaucinsa, ga shi kuwa irin wannan mutumin ne ya fi yawa a titi. Dokar lafiya ta zamanin Obama ta buɗe ƙofa daga Janairun 2014 ga duk baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na layin talauci ba, wato kimanin dala 21,600 a shekara ga mutum ɗaya a lissafin 2025. Jihohi 40 da birnin Washington sun karɓa, goma ba su karɓa ba, ciki har da Texas da Florida. A Yunin 2015 hukumar Medicaid ta tarayya ta fitar da sanarwa cewa jihohi na iya biyan hidimar nema wa mutum gida da taimaka masa ya zauna a ciki, amma ban da kuɗin hayar kanta. Sai a ƙarshen 2022 aka fara bai wa Oregon da Arizona izini na musamman su biya haya har wata shida.

Duk gidan da aka sa mai doguwar jinya a ciki don ya zauna dindindin, kamar murhu yake, duwatsu uku ke riƙe da tukunyar: ginin kansa, da kuɗin haya wata bayan wata, da mutanen da za su riƙa bibiyar ɗan hayan. Kowanne daga aljihu daban yake fitowa. Gini daga bashin gwamnati da rangwamen haraji, haya daga takardar tallafin haya ta tarayya ko asusun gunduma, hidima kuma a da daga gudummawar masu hannu da shuni da ƙananan tallafi masu ƙarewa duk shekara. Abin da Medicaid ya kawo shi ne na ukun, kuma ya kawo shi da kuɗin da ba ya yankewa muddin mutum yana cikin rajista.

Abin da ake biya

Shirin CalAIM, wato garambawul ɗin da jihar Kalifoniya ta yi wa Medi-Cal, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, bayan an yi gwajinsa a wurare 25 tsakanin 2016 da 2021. Mafi yawan 'yan Medi-Cal suna ƙarƙashin kamfanonin inshora ne da jiha ke biya wani adadi a kan kowane mutum duk wata, irin su L.A. Care da Health Net a Los Angeles. CalAIM ya ba waɗannan kamfanoni dama su biya hidimomi 14 da ba na likita ba, a madadin kwanciya asibiti mai tsada. Biyar ne suka shafi muhalli kai tsaye.

Na farko jagorar neman gida: ma'aikacin da zai tantance halin da mutum ke ciki, ya rubuta masa tsarin muhalli, ya tattara takardu, ya cike fom, ya raka shi ganin ɗaki. Na biyu kuɗin shiga gida: ajiyar da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, kuɗin jona wuta da gas, feshin ƙwari, share ɗaki na farko, da kayan da lafiyarsa ke bukata kamar na'urar ɗumama ɗaki ko gadon asibiti. Jagorar farashi ta farko ta sa iyakarsa kimanin dala 5,000, kuma asali sau ɗaya ake bai wa mutum a rayuwa, sai in an kawo hujjar abin da ya canza. Na uku hidimar riƙe haya bayan an shiga. Na huɗu gidan jinya na wucin gadi, inda wanda bai kai a ci gaba da riƙe shi a asibiti ba amma titi zai kashe shi ke samun gado da abinci da mai duba shi. Da farko iyakarsa kwana 90 a jere. Na biyar masauki na ɗan lokaci bayan sallama, har wata shida. A gefe kuma akwai babban jami'in kula da majinyaci, wanda aikinsa shi ne ya haɗa likita da asibitin ƙwaƙwalwa da masu neman gida su san abin da juna ke yi.

Gidan jinyar nan ba sabon abu ba ne. Shirin kula da lafiyar marasa muhalli na Boston, wanda Dakta Jim O'Connell ke ciki tun 1985, ya daɗe yana tafiyar da irinsa mai gado 104. Sabon abu shi ne inshora ta amince ta riƙa biya a kan kowane dare.

Daga tanti zuwa makulli

A takarda hanyar a miƙe take. A aikace, rabin aikin shi ne kada mutumin ya ɓace maka.

Mataki na farko rajista, kuma ba a bukatar adireshin zama kafin a shiga Medi-Cal. Amma ana bukatar inda wasiƙa za ta sauka, domin duk shekara gunduma na aiko takardar sabuntawa, kuma idan ba a amsa ba sai a rufe fayil. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya barin gurbin nan a banza: yana sa adireshin ofishin ƙungiyarsu ko na asibitin unguwa, sannan ya sa majinyacin ya sa hannu a takardar naɗa wakili, don kwafin kowace wasiƙa ya zo hannun wanda zai buɗe ta. Ana ganin ƙaramin abu ne. Lokacin da aka dawo da tantance rajista bayan annobar korona, daga Afrilun 2023, sama da mutum miliyan 25 aka cire a faɗin ƙasar, kuma kusan bakwai cikin goma ba don an tabbatar sun daina cancanta ba ne, takardu ne kawai ba su koma ba. Ranar da rajista ta faɗi, duk hidimomin da na lissafa sun tsaya cak, kuma ƙungiyar da ke yi masa aiki ba za ta ga sisi ba.

Sai takardun shaida. Ofishin gidaje zai nemi katin shaida mai hoto, da katin lambar tsaron zamantakewa (lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bai wa mutum), da takardar haihuwa, da shaidar abin da mutum ke samu. Kowacce tana neman 'yar'uwarta kafin ta fito, shi ya sa ake farawa da takardar haihuwa. A Kalifoniya marar muhalli na samun ta da katin shaida kyauta idan ƙungiyar da ke hulɗa da shi ta sa hannu a fom ɗin tabbatarwa. Wanda aka haifa a wata jiha kuwa sai an rubuta can an jira makonni. Da zarar takarda ta fito a ɗauki hotonta a adana a kwamfuta, asalin kuma a kulle a ofis. Kada a bar ta a tanti. Ruwan sama na cin ta, ɓarawo na ɗauka, kuma ranar da ma'aikatan birni suka zo tashin sansani, motar shara ce ke tafiya da jakar da aka yi wata uku ana tara abin da ke cikinta. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 28 ga Yunin 2024 a shari'ar garin Grants Pass, wanda ya ba birane damar hukunta kwanan waje ko da babu gado a matsuguni, irin wannan tashi ya ƙaru. Mutum ya koma wani lungu, wayarsa ta mutu ko an sace, sunansa ya fito a jerin masu samun gida, aka neme shi kwana da kwanaki ba a gan shi ba, aka bai wa na bayansa. Don haka tun ranar farko ake rubuta lambar wani ɗan'uwa, da inda yake cin abinci, da asibitin da ya saba zuwa, da sunan da 'yan sansanin suka san shi da shi.

A nan ayarin likitocin titi ke da amfani fiye da maganin da suke bayarwa. Dakta Jim Withers ya fara irin wannan yawo da jakar magani a Pittsburgh a 1992, kuma shekaru da yawa babu lambar da za a sa a takardar neman biya ta nuna cewa a titi aka duba mutum. Sai 1 ga Oktoban 2023 hukumar Medicaid ta tarayya ta fitar da lamba 27 don haka. Ayarin da ke zuwa sansani ɗaya duk mako ya san wanda ya tashi da inda ya koma.

Mataki na gaba shiga layi. Kuɗin gidajen tallafi na tarayya ba ta hannun kamfanin inshora yake bi ba. Kowane yanki na da hukumar haɗin gwiwa ta masu aikin marasa muhalli, 44 ne a Kalifoniya, kuma kowacce na da rumbun bayanai da jerin fifiko nata. Yawancin gidajen dindindin an keɓe su ne ga wanda ya cika ma'anar daɗaɗɗen rashin muhalli: yana da nakasa ko lalura mai ɗorewa, kuma ya yi wata 12 a jere a titi ko matsuguni, ko sau huɗu cikin shekara uku da jimillarsu ta kai wata 12. Dole a tabbatar da watannin nan da rubutu, wata bayan wata, daga rumbun bayanai ko wasiƙar ma'aikacin da ya gan shi da ido. Akwai tarko a nan da ke kama sababbin ma'aikata: wanda ya yi kwana 90 ko fiye a asibiti ko kurkuku ko gidan gyaran masu shaye-shaye, ana ɗaukar zaman titinsa ya yanke. Kuma rumbun hukumar gidaje da na kamfanin inshora ba sa magana da juna sai an ƙulla yarjejeniyar musayar bayani kuma majinyacin ya sa hannun amincewa. In ba haka ba, sai ka tarar mutum ɗaya yana da jami'ai uku, kowanne na zaton ɗayan ne ke neman gidan.

Sannan kuɗin shiga aljihu. Takardar tallafin haya ta tarayya na sa ɗan haya ya biya kimanin kashi 30 cikin ɗari na samunsa, gwamnati ta cika saura. Wanda lalura ta hana aiki ana nema masa alawus ɗin nakasassu, wanda a 2025 ya kai dala 967 a wata daga tarayya, kimanin 1,200 idan aka haɗa da ƙarin jihar. Ana yawan ƙin amincewa da buƙatar a karon farko saboda babu tarihin jinya a rubuce. Mutum ya yi shekara goma yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa amma bai taɓa ganin likita ɗaya sau biyu ba. Maganin abin shi ne a tattaro bayanan duk asibitocin da ya taɓa kwanciya, likita ya rubuta rahoton da ke nuna abin da ciwon ke hana shi yi a rana, ba sunan ciwon kawai ba.

Idan takardar tallafin ta fito, agogo ya fara bugawa: mafi ƙarancin wa'adi kwana 60 ne a samo ɗakin da hayarsa ba ta wuce ƙa'ida ba, wanda mai shi ya yarda, kuma ya ci jarrabawar mai duba gini. Tun Janairun 2020 haramun ne a Kalifoniya mai gida ya ƙi mutum don da takardar tallafi zai biya, kuma tun Yulin 2024 yawancin masu gida ba za su karɓi ajiyar da ta wuce hayar wata ɗaya ba. Duk da haka mai gida na da wasu ƙofofin: tarihin bashi, tsohuwar shari'ar kora, zaman kurkuku. Kuma duk kwanan da ɗaki ya yi a rufe ana jiran mai duba gini, asara ce gare shi. Gundumar Los Angeles ta gane haka da wuri. Sashenta na lafiya ya kafa shirin Housing for Health a 2012, a 2014 kuma ya buɗe asusun haya na gunduma wanda ƙungiyar Brilliant Corners ke tafiyarwa: ana kama ɗaki tun kafin a san wanda zai shiga, ana biyan mai gida kuɗin kwanakin jira, ana gyara abin da ya lalace, kuma yana da lambar da zai kira wani ya ɗauka. Masu gida ba wa'azi suke so ba, tabbaci suke so cewa haya za ta shigo ranar ɗaya ga wata kuma in rigima ta tashi wani zai zo.

Mutane na ɗauka ranar karɓar makulli aiki ya ƙare. Watanni uku na farko su ne mafi haɗari. Wanda ya yi shekaru cikin hayaniyar sansani sai ya tsinci kansa shi kaɗai tsakanin bango huɗu. Wasu a ƙasa suke kwana kusa da ƙofa, wasu su koma tanti da dare. Abokan da suka raba abinci da shi a titi za su biyo shi, kuma kunya ba za ta bar shi ya kore su ba, alhali yarjejeniyar haya ta ƙayyade kwanakin baƙo. Ga tara tarkace, ga kuɗin cizo da ke shigowa cikin tsohuwar katifa, ga takardar kuɗin wuta da ba a buɗe ba. Hidimar riƙe haya ita ce ziyara a cikin ɗakin, aƙalla sau ɗaya a mako da farko, a leƙa firji da banɗaki, a tsara yadda kason hayarsa zai riƙa fita kai tsaye ranar da alawus ya shigo, a zauna da mai gida kafin ƙorafi ya zama takarda. Idan haya ta makara, notis ɗin kwana uku ake liƙawa a ƙofa, kuma idan aka shigar da ƙara ɗan haya na da kwanakin aiki goma ya amsa. In bai amsa ba an yanke hukunci a bayansa, kuma wannan tabon zai bi shi wurin kowane mai gida na gaba. Irin wannan bibiya ba ta yiwuwa idan ma'aikaci ɗaya na riƙe da mutum 40. Ga masu lalura mai tsanani ƙa'idar da aka gwada ita ce ma'aikaci ɗaya ga mutum 10, ga sauran kuwa kada a wuce 20.

Inda ƙungiyoyi ke tuntuɓe

Masu wannan aiki tun asali ƙananan ƙungiyoyin unguwa ne da coci-coci da matsugunai, waɗanda suka saba da tallafi a dunƙule: a ba ka kuɗin shekara, ka kawo rahoto. Inshora ba haka take ba. Sai ka yi rajistar lambar mai ba da hidima, ka ƙulla kwangila da kowane kamfani daban, ka nemi izini kafin ka fara yi wa mutum aiki, ka rubuta kowace haɗuwa da lambarta, ka aika takardar neman biya, sannan ka jira. A gundumar da ke da kamfanoni huɗu, fom huɗu ne da farashi huɗu. Kuskuren harafi ɗaya a suna ko izinin da ya ƙare jiya ya isa a dawo da takardar. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin albashin wata uku a ajiye tana iya durƙushewa tana tsaka da aiki mai kyau. Ga kuma awannin da ake ɓatawa ana neman mutum, ana shawo kansa ya yarda, waɗanda sau da yawa ba a biyansu yadda ya kamata domin bai riga ya zama mai karɓar hidima a takarda ba. Jihar ta ware dala biliyan 1.85 a wani shiri mai suna PATH don taimaka wa irin waɗannan ƙungiyoyi su sayi manhaja su ɗauki ma'aikatan lissafi, kuma a wasu wurare ƙananan ƙungiyoyi sun haɗu ƙarƙashin wata babba da ke yi musu takardun biya. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa. Mutumin da ya iya zama a bakin tanti ya saurari mai taɓin hankali na awa biyu, asara ce a ɗaure shi a gaban kwamfuta.

Akwai wata magana da masu goyon bayan shirin ke yawan yi wadda nake ganin tana cutar da shi: wai gida zai biya kuɗin kansa ta hanyar rage zuwa asibiti. Binciken da cibiyar nazari ta RAND ta fitar a 2017 a kan mutum 890 na shirin Los Angeles ya nuna kashi 96 cikin ɗari sun zauna a gidajensu aƙalla shekara guda, kuma kuɗin da gunduma ke kashewa a kansu ya ragu. Sai dai an kwatanta mutanen ne da kansu, kafin da bayan, kuma wanda aka ɗauko a shekararsa mafi muni dama ana sa ran ta gaba ta yi sauƙi ko ba a yi masa komai ba. Gwajin da aka yi a garin Camden na jihar New Jersey, wanda ya fito a 2020, inda aka raba majinyata 800 ta hanyar ƙuri'a, ya nuna hakan ƙarara: waɗanda aka ba jami'an bibiya da waɗanda ba a ba ba, kusan kashi 62 cikin ɗari na kowane ɓangare sun koma gadon asibiti cikin wata shida. A gundumar Santa Clara kuwa, inda aka yi ƙuri'a a kan gidan kansa tsakanin mutum 423 mafiya yawan zuwa asibiti da kurkuku, kashi 86 cikin ɗari na waɗanda aka zaɓa sun shiga gida, a kan kashi 36 na ɗaya ɓangaren. Zuwansu sashen gaggawa na masu taɓin hankali ya ragu, amma kwanciya asibiti don ciwon jiki ba ta ragu ba, kuma mutum 70 sun rasu kafin a gama binciken. Mutanen sun riga sun jigata kafin gidan ya zo. Abin da aka tabbatar, tun daga aikin masanin halayyar ɗan Adam Sam Tsemberis a New York a 1992 har zuwa babban gwajin Kanada a birane biyar, shi ne cewa idan aka ba mutum gida ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya gama magani ba, aka kuma bibiye shi, mafi yawa suna zama. Wannan ya isa hujja. Ba a tambayar wankin ƙoda ko ya mayar da kuɗinsa kafin a yi wa mutum, kuma duk wanda ya sayar da shirin da alkawarin riba, ranar da lissafi bai nuna ribar ba shi ya miƙa wa masu son yanke shi wuƙa.

Babban giɓin dai yana nan inda yake: haya. A duk Amurka gida ɗaya cikin huɗu da suka cancanci tallafin haya na tarayya ne ke samu. Jagoran neman gida na iya kammala kowace takarda, mutum ya zauna shekara biyu a layi, inshora na biyan kuɗin jagora zuwa gidan da babu shi. Houston na jihar Texas, wadda ba ta faɗaɗa Medicaid ba, amma tun 2012 ta sa sama da mutum 25,000 a gida, ta rage yawan marasa muhalli da fiye da rabi, saboda hukumominta sun haɗa kai kuma haya a can ba ta yi tsadar Kalifoniya ba. West Virginia na cikin jihohin da miyagun ƙwayoyi suka fi kashe mutane, amma masu kwana a titinta kaɗan ne idan aka kwatanta, domin ɗaki na da araha. Ciwo da shaye-shaye su ke zaɓar wanda zai fara faɗuwa. Farashin haya shi ke yanke yawan waɗanda za su faɗi.

A Disambar 2024 tarayya ta amince Medi-Cal ya biya haya har wata shida ga wasu rukunoni, kamar masu fitowa daga asibiti ko kurkuku da masu kwana a waje da ke da lalura mai tsanani. Kamfanoni na iya farawa daga Yulin 2025, kuma daga 1 ga Janairun 2026 ya zama dole ga masu lalurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye da suka cika sharuɗɗa. Tambayar da kowane ma'aikaci ya kamata ya amsa kafin a sa hannu a yarjejeniyar haya ita ce wa zai biya wata na bakwai. Idan babu amsa a rubuce, an shirya wa mutum kora ne kawai, da tabon shari'a a sunansa da kuɗin ajiyar da ba lallai a sake ba shi ba. Amsar da jihar ta tanada ita ce ƙuri'ar raba gardama ta Maris 2024, wadda ta amince da bashin dala biliyan 6.38 don gina wuraren jinya da gidaje, ta kuma wajabta wa gundumomi su ware kashi 30 cikin ɗari na kuɗin harajin da aka keɓe wa lafiyar ƙwaƙwalwa ga muhalli daga Yulin 2026. Los Angeles ta ƙara da nata harajin saye na rabin santi a kan kowace dala, wanda masu zaɓe suka amince da shi a Nuwambar 2024.

Ƙasan da aka yi ginin a kai kuma tana motsi. A Maris 2025 hukumar Medicaid ta tarayya ta janye jagorar da ta ƙarfafa jihohi su biya irin waɗannan hidimomi, ta ce za ta riƙa duba kowace buƙata ita kaɗai, kuma izinin CalAIM na yanzu yana ƙarewa 31 ga Disambar 2026. A North Carolina makamancin shirin ya tsaya a Yulin 2025 saboda majalisar jihar ba ta ware masa kuɗi ba. Dokar tarayya da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta wajabta wa baligan da suka shigo ta faɗaɗawar 2014 su nuna shaidar aiki ko karatu ko aikin sa-kai na awa 80 a wata, kuma a riƙa sabunta rajistarsu duk wata shida, daga farkon 2027. Rashin muhalli shi kaɗai ba ya cikin uzurorin da dokar ta lissafa. Lalurar ƙwaƙwalwa mai hana aiki da matsalar shaye-shaye da ciwo mai tsanani suna ciki, amma sai an tabbatar. Lokacin da Arkansas ta gwada irin wannan sharaɗi a 2018, kimanin mutum 18,000 suka rasa inshora cikin 'yan watanni. Aikin da ke gaban asibitocin unguwa da ayarin likitocin titi shi ne su tabbatar kowane majinyaci da ke da irin waɗannan lalurori an rubuta ciwonsa da lambarsa a takardar neman biya ta kwanan nan, domin na'urar jiha ta ga uzurinsa da kanta ba sai an aika masa wasiƙa ba.